Alheri a Ɓoye: Taimakon da Ba Ya Zubar da Mutuncin Kowa

A cikin mako guda na watan Disambar 2024, sau uku rabon tallafi yana rikiɗewa ya koma zaman makoki a Najeriya. A Ibadan yara 35 suka rasu a turmutsutsin wani taro da aka shirya don faranta musu rai. Kwana uku bayan haka mutum 22 suka mutu a garin Okija na jihar Anambara wurin rabon shinkafa, wasu 10 kuma a harabar wata coci da ke Maitama a Abuja. Kafin nan, cikin azumin shekarar 2024, an yi asarar rayuka a Bauchi wurin rabon zakka. Duk waɗanda suka shirya rabon nan alheri suka nufa. Sai dai an yi shela, yunwa ta amsa kira fiye da yadda aka zata, jama'a suka yi wa ƙofa yawa.

Akwai kuma waɗanda ko sau goma aka yi shela ba za a gan su a layi ba. Malamin firamare da albashinsa ke ƙarewa tun goma ga wata. Ɗan fansho da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aikin gwamnati, yau hawan jini ya kama shi, kuɗin magani ya gagara. Matar da miji ya rasu ya bar mata marayu biyar, wadda ta gwammace ta ɗora tukunyar ruwa a murhu don maƙwabta su ga hayaƙi da a ce ta fita roƙo. Su ne muke kira masu rufin asiri, kuma kullum ƙaruwa suke yi. Tun a 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ke fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 65 cikin 100 nasu kuwa a Arewa suke. Bayan nan aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kaya suka yi ta tashi har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Gidaje da dama da a da su ke bayarwa, yau su ke buƙatar a ba su, amma bakinsu ba zai iya furtawa ba.

Ga kuma wata sabuwar al'ada da ta shigo mana: kafin a sauke buhu daga mota an riga an saita waya. A tsayar da tsohuwa a rana, a miƙa mata taliya leda biyu, a ce ta kalli nan, ta ɗaga murya ta yi godiya. Kafin magariba fuskarta ta zaga Facebook da TikTok, jikokinta na gani, surukanta na gani. Taliyar za ta ƙare cikin kwana biyu, hoton kuwa ba ya gogewa.

Akwai hanyar da ta girmi wannan, ta kuma fi ta sauƙi: ka yi wa maƙwabcinka, ko baƙon da ba ka taɓa gani ba, alheri ba tare da ya san daga ina ya fito ba. Irin wannan alheri yana isa inda layi ba ya isa, yana barin mutum da mutuncinsa, sannan ya fi kowane iri saurin haifar da wani alherin.

Tushensa a addini

Aya ta 271 cikin Suratul Baƙara ta yaba wa sadakar da aka bayyana, amma ta fifita wadda aka ɓoye aka kai wa matalauta. Aya ta 264 ta gargaɗi masu bayarwa kada gori da cutarwa su ɓata musu lada. Aya ta 273 kuwa ta yi nuni da ainihin mutanen da muka ambata a sama, waɗanda kamun kansu ke sa wanda bai san halinsu ba ya ɗauka mawadata ne. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da mutum bakwai da za su shiga inuwar Allah ranar alƙiyama, an lissafa wanda ya kai matuƙa wajen ɓoye sadakarsa, har aka kwatanta cewa hannunsa ɗaya bai san abin da ɗayan ya bayar ba. Kiristoci ma suna da irin wannan koyarwa a farkon sura ta 6 ta Linjilar Matta, inda aka hana busa ƙaho wurin ba da sadaka.

Magabata ba a baki kawai suka tsaya ba. Malaman tarihi sun kawo labarin Aliyu ɗan Husaini, wanda aka fi sani da Zainul Abidina, jikan Sayyidina Ali da Nana Faɗima. Gidaje kusan 100 a Madina sun shafe shekaru suna wayar gari da abinci a ƙofa, ba su san mai kawowa ba. Sai da ya rasu, wajen shekara ta 94 bayan Hijira, abincin ya yanke. Masu yi masa wanka suka ga baƙin tabo a bayansa, alamar buhunan da yake saɓawa da kansa cikin dare. Alherinsa ya zama kamar gishiri a miya: ba a gan shi ba, sai ranar da aka rasa shi aka san yana ciki.

Malamin Yahudawa Musa ɗan Maimuna, haifaffen Kurɗuba a Andalus, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya kasa sadaka mataki takwas. Na ƙoli shi ne ka tallafi mutum da jari ko sana'a har ya tsaya da ƙafarsa. Mai bi masa shi ne sadakar da mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa ma bai san mai bayarwa ba. Addinai uku ke nan suka haɗu a kan magana ɗaya.

Yadda Turkawa suka mayar da shi tsari

In ana neman al'ummar da ta ɗauki wannan koyarwa ta gina mata mazauni a rayuwar yau da kullum, to a dubi Turkiyya. A zamanin Daular Usmaniyya ta can, akwai abin da ake kira dutsen sadaka. Ginshiƙi ne na dutse, an fafe samansa an yi ɗan rami, ana kafa shi a kusurwar harabar masallaci ko wani lungu da ido bai cika kaiwa ba. Bayan duhu ya shiga, mai hali zai ratsa ya zura hannu ya ajiye 'yan tsabar kuɗi. Can anjima mabuƙaci zai zo shi ma ya zura hannu ya ɗauki abin da zai ishe shi, ya bar saura don wani. Hikimar abin ita ce, wanda ya hango mutum daga nesa da hannu a bisa dutsen ba zai iya cewa ajiyewa yake yi ko ɗauka ba. Har yau akwai ragowar irin waɗannan duwatsu a Istanbul, ciki har da unguwar Uskudar.

Al'ada ta biyu ta shafi littafin bashi na masu shago. Idan azumi ya kama, mai hali zai tafi unguwar da ba a san shi ba, ya shiga shagon kayan masarufi, ya nemi a buɗe masa littafin masu cin bashi. Sai ya ce a lissafa masa shafuka kaza daga farko, kaza daga tsakiya, kaza daga ƙarshe. Ya biya, a soke, ya kama gabansa. Bai karanta sunan kowa ba, shi ma bai bar nasa ba.

Ta uku ita ce burodi a rataye, wadda har gobe ana yin ta. Mutum zai shiga gidan burodi ya ɗauki ɗaya ya biya kuɗin biyu. Mai burodi ya sa na biyun a leda ya rataye, ko ya rubuta a allo. Duk wanda ba shi da hali zai shigo ya tambaya ko akwai na rataye, a miƙa masa, ba tambaya ba bincike.

Waɗannan al'adu ba su tsaya a littattafan tarihi ba. A 2019, lokacin da tsadar rayuwa ta matsa wa Turkawa, jaridu sun ba da labarin wani mutum da ya bi shagunan unguwar Tuzla a Istanbul yana biyan basussukan talakawa, bai yarda an san sunansa ba. Da annobar korona ta rufe kasuwanni a 2020, magajin garin Ankara, Mansur Yavaş, ya yi kira ga masu hali su je su biya wa mutane bashin shaguna, jama'a kuma suka amsa. A watan Mayun shekarar, hukumar birnin Istanbul ƙarƙashin Ekrem İmamoğlu ta ɗauki dabarar burodi a rataye ta kai ta intanet. Gidajen da aka tantance cewa mabuƙata ne sukan sa takardar kuɗin ruwa ko ta iskar gas a wani shafi. Mai son taimako ba ya ganin suna, adadin kuɗi kawai yake gani, ya zaɓi wanda zai iya ya biya. Ta haka aka biya dubban ɗaruruwan takardu, ba layi, ba ture-ture, ba hoto.

Wanda ya lura zai ga abu huɗu sun haɗa waɗannan dabaru. Ba sai attajiri ba, mai kuɗin burodi ɗaya ma yana da wurin shiga. Akwai amintacce a tsakiya, mai shago ko mai burodi ko hukuma, wanda ya san ɓangarorin biyu ya kuma kama bakinsa. Taimakon yana tafiya kai tsaye kan buƙata, ba ya biyawa ta hannun 'yan kashe-mu-raba. Sannan ba a tara jama'a wuri ɗaya, kowa yana zuwa a lokacinsa.

Ba Turkawa kaɗai suka gano wannan ba. A birnin Napoli na Italiya an daɗe ana biyan kuɗin kofi biyu a sha ɗaya, a bar ɗayan ga wanda zai zo ba shi da ko sisi. A birnin Mashhad na Iran kuwa, cikin hunturun 2015, wani ya kafa ƙusoshi a jikin bango ya rataye rigunan sanyi, ya rubuta cewa mai buƙata ya ɗauka, marar buƙata ya ajiye. Cikin ɗan lokaci irin wannan bango ya bazu a biranen ƙasar, ya tsallaka Pakistan da Indiya.

Me ya sa yake yaɗuwa?

Dalili na farko, kyautar da aka san mai ita tana zuwa da nauyi. Wanda ka ba a gaban jama'a zai riƙa sunkuyar da kai duk inda kuka haɗu. In kun yi saɓani ba zai iya faɗa maka gaskiya ba. Wani ma har ya fara canza hanya don kada ya gan ka, daga nan zumunci ya yi sanyi, kai kuma ka ce butulci ne. Masana halayyar ɗan Adam sun auna wannan. A wani bincike da Niall Bolger da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2000, sun bibiyi masu shirin jarrabawar zama lauya a Amurka tare da abokan zamansu. Suka gano cewa tallafin da ya fi rage wa mai jarrabawar damuwa shi ne wanda aka yi masa bai ma lura an yi ba. Tallafin da ya san an yi masa kuwa yakan tuna masa cewa yana cikin rauni.

Dalili na biyu, wanda aka yi wa alheri a ɓoye ba shi da wanda zai rama wa, sai ya rama wa duniya. A 1971 wani saurayi Ba'amurke mai suna Larry Stewart ya rasa aiki, yana kwana a mota, yunwa ta kai shi wani ɗan gidan abinci a jihar Misisipi. Ya ci ya ƙoshi, sannan ya shiga lalube aljihu yana nuna walat ɗinsa ya ɓace. Mai gidan abincin, Ted Horn, ya gane halin da ake ciki. Sai ya sunkuya ƙasa ya ɗago da dala 20, ya ce masa ga kuɗinsa nan da suka faɗi. Bai ce sadaka ba ce, bai kunyata shi ba. Da Allah Ya buɗa wa Stewart, sai ya shiga bin titunan birnin Kansas da wasu garuruwa duk watan Disamba yana raba wa mabuƙata kuɗi ba tare da bayyana kansa ba. Daga 1979 zuwa 2006 ya raba kusan dala miliyan 1.3. Sai da ciwon daji ya kama shi ya faɗi sunansa, don wasu su ɗora daga inda ya tsaya, ya rasu a Janairun 2007. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Dalili na uku, idan aka ga aiki ba a ga mai aikin ba, ba wanda zai ce ai don neman suna ne, ko don zaɓe ya ƙarato. Aikin ne kawai ke tsaye, kowa kuma yana iya kwaikwayonsa. Ranar 25 ga Disamba, 2010, ma'aikatan wata cibiyar kula da yara a birnin Maebashi na Japan suka tarar da sababbin jakunkunan makaranta guda 10 a ƙofa. Sunan da aka rubuta a jiki na wani gwarzon tatsuniyar zane ne da ya tashi a gidan marayu. Da labarin ya fita, kafin watan Janairu ya ƙare an samu irin wannan kyauta a dukan larduna 47 na ƙasar. Wani bincike da James Fowler da Nicholas Christakis suka wallafa a 2010 ya nuna cewa karamcin mutum ɗaya yakan shafi wanda ya gani, ya wuce ga na biyu, har ya kai na uku da bai taɓa haɗuwa da mai farawa ba.

A unguwa kuma akwai wata riba ta daban. Wanda ya tarar an biya masa bashi, bai san wa ya biya ba, zai fara kallon duk wanda ya gaishe shi da kyakkyawan zato: ko Malam ne, ko Hajiya ce, ko wannan yaron mai gyaran waya? Mutum ɗaya ya yi aikin, unguwa gaba ɗaya ta samu yabon.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage

Randar da ake girkewa a ƙofar gida da moɗa a kai, mai ita bai san wa zai sha ba, mai sha bai san wa ya cika ta ba. Manomin da ke ɗaga ƙafa wurin girbi don masu kala su samu abin tsinta, ba ya tsayawa ƙirga su. Zauren da matafiyi ke kwana a kawo masa tuwo ba a tambaye shi asalinsa ba. Ko ciyayya tsakanin maƙwabta akwai dabara a cikinta: tunda kwano na zuwa yana dawowa, ba wanda zai ce gidan wane ne mabuƙaci, alhali uwargidan da ta san halin maƙwabciyarta ta san yadda za ta danna tuwo ta ɓoye nama a ƙasa. Abin da ya rage mana shi ne mu sama wa wannan hali hanyoyin da suka dace da zaman birni, inda katanga ta yi tsawo, maƙwabci bai san maƙwabci ba.

Daga ina za a fara?

A fara da mai shagon unguwa. Babu wanda ya kai shi sanin gidan da aka koma sayen shinkafa gwangwani-gwangwani. Ka same shi shi kaɗai, ka ce ya rage wa wasu bashi gwargwadon abin da ka kawo, ya soke a gabanka. Haka mai kemis, wanda ya san masu karɓar rabin magani saboda kuɗi bai cika ba. Haka mai shayi, mai ƙosai, mai injin niƙa da ɗan garuwa: ka biya na mutum biyu ko uku, ka bar musu amanar zaɓen wanda ya dace.

A asibitocinmu akwai marasa lafiya da ke kwance da takardar magani a hannu, ba a saya ba. Manyan asibitoci suna da sashen jin daɗin marasa lafiya, ma'aikatan jinya ma sun san gadon da ba mai zuwa dubiya. Ka biya a wurin karɓar kuɗi, a kai rasit. A makarantu akwai ɗaliban da ke zama gida ranar da ake korar masu bashi, da waɗanda suka kai aji shida na sakandare ba kuɗin WAEC ko NECO ko JAMB. Shugaban makaranta ya san su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san lambar mitar maƙwabcinsa zai iya saya masa wuta, a tura masa lambobin ta hannun wani.

Akwai kuma waɗanda ke tsare a gidajen gyaran hali don sun kasa biyan tara. A Nuwambar 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta sanar da tara naira miliyan 585 daga masu taimako don sakin fursunoni 4,068. In aka raba, bai wuce kusan naira dubu 144 a kan kowane mutum ba. Abokai biyar za su iya haɗa irin wannan su mayar da magidanci cikin iyalinsa.

Wanda ba shi da kuɗi yana da jini. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma lafiyayyen namiji baligi zai iya bayarwa duk bayan wata uku, mace duk bayan wata huɗu, in likita ya duba ya amince. Zubar jini wurin haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan, ga masu ciwon sikila, ga waɗanda suka yi hatsarin mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa in kashi 1 cikin 100 na jama'ar ƙasa suna bayarwa, za a iya biyan buƙatar farko. Mai ba da jini ba zai taɓa sanin jikin wa ya shiga ba, kuma da wuya a samu sadakar sirri da ta kai wannan.

Sannan ga ayyukan da ƙarfi kawai suke buƙata: yashe kwatar da ta toshe a ƙofar tsohuwa, kawar da fasasshiyar kwalba daga hanya, cika butocin masallaci kafin asuba, gyara kan famfon da ke zuba, nome ciyawar maƙabarta, mayar da wayar da aka tsinta ba tare da jiran tukwici ba. Rufa wa mutum asiri a kan abin kunyar da ka gani shi ma alheri ne a ɓoye. Kada wani ya raina nasa. A wani gwaji da Amit Kumar da Nicholas Epley suka wallafa a 2022, an sa mutane su ba baƙi kofin abin sha mai zafi a wani wurin shaƙatawa a Chicago, aka tarar farin cikin masu karɓa ya zarce abin da masu bayarwa suka zata. Mai bayarwa kuɗin abin yake dubawa, mai karɓa kuwa abin da yake gani shi ne an tuna da shi.

Inda ya kamata a yi hattara

Ɓoye suna ba hujja ba ce ta jefa mutane cikin tsoro. A zamanin nan, wanda ya tarar da dafaffen abinci a ƙofarsa bai san mai shi ba, zubarwa zai yi, ya kwana yana tunanin sammu ko guba. Don haka a bi ta hannun wanda gidan suka yarda da shi, limami ko mai unguwa ko dattijuwar layi, ya ce wani bawan Allah ne ya aiko. Kada a tare yaran mutane a hanya ana ba su alawa ko kuɗi, domin satar yara ta sa iyaye zaman ɗar-ɗar, kuma mai kyakkyawar niyya na iya faɗawa hannun masu ɗaukar doka a hannu. Namijin da ke son taimakon bazawara ko matar aure ya bi ta hannun matarsa ko 'yar'uwarsa, don kada alheri ya jawo mata zargi. Kuɗin da suka faɗo asusun mutum daga lambar da bai sani ba sukan tayar masa da hankali, ya ɗauka kuskure ne ko tarko. Biyan buƙatar kai tsaye ya fi, in kuwa turawa za a yi, a haɗa da ɗan bayani cewa kyauta ce.

A zaɓi ɗan aike da kyau. Wannan hanya gaba ɗaya a kan amana take tsaye, kuma ba kowa ne zai ga kuɗin da ba mai bin sawunsu ya kai su inda aka ce ba. A nemi rasit, ko a duba daga nesa ko saƙo ya isa. Shi kuma wanda aka amince wa, ya sani suna amana ne kamar yadda kuɗin suke amana.

Sirri na dukiyar mutum ne ta kansa. Kuɗin jama'a, ko na ƙungiya, ko na gidauniya, ko na gwamnati, ba a ɓoye lissafinsu da sunan ikhlasi. Ƙa'idar ita ce a rufe fuskar mai karɓa, a buɗe littafin mai rabawa. Ƙungiyar da ke son nuna wa masu ba ta gudummawa aikinta, ta ɗauki hoton kaya da rasit, ta ƙyale fuskokin bayin Allah.

Kuma ba kullum ne ɓoyewa ta fi ba. Malamai da yawa sun fi son a fitar da zakka a bayyane don kawar da zargi. Muslim ya ruwaito cewa wata rana wasu matalauta daga ƙabilar Mudar sun zo Madina, Annabi (SAW) ya yi kira a taimaka musu, wani mutumin Madina ya fara kawo jaka mai nauyi a gaban kowa, sai jama'a suka biyo bayansa har kaya suka taru, Annabi kuma ya yi farin ciki. In za a gina rijiya ko a kai ɗauki ga waɗanda ambaliya ta shafa, fitowar mutum fili na iya zaburar da wasu. Abin dubawa shi ne, wa bayyanawar za ta amfana, kuma wa za ta kunyata?

Kada kuma a manta na gida. Wanda ke biyan bashin baƙi a ɓoye alhali mahaifiyarsa ba ta da magani, ya fara daga inda bai kamata ba. Sai wata cuta mai laushi da ya kamata kowa ya binciki kansa a kanta: mutum ya yi sadakar sirri, sannan ya bi mutum goma ɗaya bayan ɗaya yana ce wa kowa, kai kaɗai na gaya wa.

Ga wanda aka yi wa

In wata rana ka je biyan bashi mai shago ya ce an riga an biya, ko shugaban makaranta ya ce yaronka ya koma aji, kada ka matsa sai an faɗa maka ko wane ne. Wanda ya yi ya zaɓi ya ɓoye ne don ka ci gaba da gaishe shi kai a ɗage, ka bar shi a kan zaɓinsa. Ka yi masa addu'a, ka gaya wa iyalinka cewa har yanzu akwai mutanen kirki a unguwa, ka ba da labarin aikin don wasu su ji su yi sha'awa. Ba ka ci bashin kowa ba, kuma ba sai ka zama attajiri za ka shiga sahu ba. Ranar da ka samu rarar naira ɗari biyar, akwai wani a layinku da halinsa bai kai naka ba, mai ƙosai ta san shi.